Babu-Suna, Jikan Kafinta

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Ƙusa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda nake, in an cire gwiwa da kunne. Gwiwar hagu ce yanzu, ta dama ta gaji da ciwo ta miƙa mata. Kunne kuwa ka san injin yanka katako ya cinye shi tun kana gida, shi ya sa ko an miƙo mini waya ba na karɓa. Tela ne yake rubuta wannan a kan teburin yankansa, ya ture yadin mutane gefe. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya zuba mini zuma a magana. In ka ji wani wuri da daɗi, nasa ne.

Shekara biyu da wata biyar ban aiko maka da ko harafi ba, kuma ka san dalili. Mutum ya ɗauki ɗan ƙaninsa yana shekara huɗu, ranar da aka binne ubansa, siriri da ƙaton kai kamar ƙusa. Ya yi masa gado da hannunsa. Ya kai shi makarantar da shi kansa bai taɓa shiga ba, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai gadi. Sai yaron ya girma ya tafi wata ƙasa aiki, ya auri 'yar wasu mutane masu kiwon dawaki a cikin ƙanƙara, sai bayan an gama komai ya aiko da hoto. Hoto! Ni aka aiko wa hoto, kamar wani abokin ƙwallo. Wasiƙunka da suka biyo baya duk sun iso, guda huɗu, suna nan a ajiye a akwatin kayan aikina. Kada ka ɗora wa gidan waya laifi.

To ba wannan ya zaunar da ni gaban Tela ba. Gwaggonka ce ta zo ranar Lahadi, ta zauna a kujerar da na gyara mata sau uku, ta shanye mini shayi, sai da ta miƙe za ta tafi ta ce, "Yaya, ashe an yi maka jika namiji?" Na ce na sani. Ban sani ba, amma ba zan ba ta wannan daɗin ba. Ta ce, "To ka iya faɗin sunan? Ni dai harshena ya ƙi." Ta ciro wata takarda da ɗanta ya rubuta mata, na kawo wa Tela ya karanta: Nergui. Na ce ya sake. Ya sake. Na ce wannan suna ne, ko tari ne ya sarƙe ka?

Ka san sunana, Ƙusa. Kakana ne ya fara ɗaukarsa, daga shi sai ni. Shekara saba'in da uku ina jin ana kiran mutane a asibiti, a tasha, a layin karɓar katin zaɓe, ban taɓa jin wani ya amsa shi ba sai ni. Allah bai ba ni haihuwa ba, marigayiya ta tafi ba ta bar mini kowa ba. In na kwanta, sunan ya kwanta. Ranar da za ka tafi, kana tsaye a ƙofar mota da jaka a kafaɗa, kai ka ce da bakinka, "Baffa, ɗana na fari sunanka zai ci." Ban roƙe ka ba. Direba ma ya ji, har ya ce mini in sa maka albarka, na sa.

Ka rubuto mini ma'anar wannan abin da ka sa wa yaro, da wanda ya zaɓa, da abin da na yi maka.

Ka gaida matarka in tana jin gaisuwa irin tamu.

Baffanka, Kafinta.

22 ga Fabrairu

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Tela da ya ba da teburinsa. Allah ya sawwaƙe gwiwar. Muna nan lafiya, yaro ya shiga wata na huɗu, yana shan nono sosai, ya fara bin fitila da ido. Mahaifiyarsa ta ji gaisuwarka, na fassara mata, ta amsa tana durƙusawa a tsakiyar ɗaki, ko da yake ba ka gani.

Da na ga ambulan daga gida sai da na zauna a kan matakala kafin in buɗe. Na yi zaton wata magana ce daban za ta zo a farko. Ba ta zo ba. To shi ke nan.

Ka tambayi ma'ana. Baffa, aikina ke nan yanzu. An mayar da ni wani ƙaramin ofis a ƙasan asibitin haihuwa, taga ɗaya, hatimi biyu, da layin ubanni masu jan ido. Ni nake rubuta sunan kowane jariri a takardar haihuwa. Garin nan kowa baƙo ne, don haka sunayen duniya duk ta tagata suke wucewa. Wanda na gada a kujerar ya bar wani ƙaton littafin sunaye a durowa, in layi ya yi sauƙi nakan duba, ko in tambayi uban. Jiya wani mai gyaran famfo ya sa wa 'yarsa Yamur, wato ruwan sama a yarensu. Wata mata daga wani tsibiri ta sa wa tata Sirsha, ta ce 'yanci ne, don mutanensu sun daɗe a ƙarƙashin wasu. Akwai Saburo, ɗa namiji na uku, babu ƙari. Akwai Dolores, baƙin ciki ke nan, kuma da murna suke sawa. Da farko dariya nake yi a cikina. Yanzu na daina, don duk sunan da ka ji ya yi maka banbaraƙwai, in ka bi shi za ka tarar da wani abu da ya faru da wasu mutane.

Nergui, a yaren mahaifiyarsa, ma'anarsa "babu suna". Ita ta zaɓa, ni na amince, ni na rubuta da hannuna. Ba raini ba ne, wallahi. Dalili kuwa, tunda ka ce wasiƙuna huɗu suna wurinka, ka san shi. Ba zan sake rubuta shi ba, hannuna ba zai iya ba. A lokacin na jira kalma ɗaya daga gare ka, ta zagi ma na yarda, ba ta zo ba. Ina roƙonka kada mu tono wannan ciwon.

Na duba sunanka a littafin nan tun makon da na fara aiki, babu shi. Na tambayi wani tsohon likita mai sha'awar irin wannan, ya juya shi a bakinsa, ya ce bai taɓa ji ba, bai kuma san daga wane yare ya fito ba. In ka san abin da kakanka ya faɗa a kansa, ka sa Tela ya rubuto mini, ina so in sani.

Ɗanka, Ƙusa.

11 ga Maris

Ƙusa,

Gaisuwa. Ina nan da rai, tunda ka tambayi gwiwa ba ka tambayi zuciya ba. Ruwa ya yi mana kwana uku, rufin shago yana yoyo daidai kan benci, na sa bokiti.

Tela ya karanta mini wasiƙarka sau biyu. A karo na biyu na ce ya tsaya a wurin ma'anar nan, ya ɗaga murya, ko kunnena ne. Ba kunnena ba ne. Babu suna! Aka ajiye maka sunana a hannun dama, aka ajiye babu a hannun hagu, ka duba, ka auna, ka ɗauki babu. Da ka sa masa sunan uban matarka da na ce an fi ni baki. Da ka sa masa sunan mai gidan da kake haya da na ce tsoro ne. Amma ka gwammace yaro ya yi yawo a duniya tsirara da ya ɗauki sunan kafinta jahili. Tela ya ce kalmar ta yi nauyi. Na ce rubuta, ai ni na san abin da nake.

Sannan ka jero mini sunayen duniya kamar mai tallan yadi. Ruwan sama! In ta girma ta yi aure, a ina mijin zai shanya kaya? Shi mai ɗa na uku ya fi ku hankali, aƙalla ya iya ƙidaya. Ni ban aike ka ka koyo mini yadda mutanen tsibiri suke kiran 'ya'yansu ba. Kuma wa ya ce ka kai sunana gaban likita ya juya shi a baki kamar ƙwayar magani? Babu shi a littafi, to sai me? Ni ma babu ni a littafi. Teburan da ke makarantar da ka yi, rabinsu daga hannuna suka fito, ka je ka duba ko littafinka ya san da wannan. Kakana bai ce komai a kan sunan ba. Ya amsa shi shekara tamanin, bai taɓa cin amanar kowa ba, ma'anar ke nan.

Ka ce kada mu tono ciwo. Wa ya ji wa wani ciwon? Ni na yi aure a ɓoye? Ka jira kalma daga gare ni, to ni wace kalma na samu kafin a ɗaura? Ka yi abinka, na yi shiru, yanzu shirun nawa ne ya zama laifin da za a rama a kan jariri.

Saurara da kyau, don ba zan sake faɗa ba. Da bakinka ka ce kai ne mai rubutawa, alƙalami da hatimi suna hannunka. Wanda ya rubuta ya iya gogewa. Ka goge wannan babun, ka sa sunan da ka yi alkawari a ƙofar mota. In ba ka yi ba, na cire ka daga cikin nawa. Na riga na gaya wa Tela da gwaggonka: ranar da na mutu kada a aika maka, in ka ji a bakin duniya ka zo, kada a nuna maka inda nake kwance. Ka san ni. Mai kemis ɗin kan kwana shekara shida ke nan ban taka shagonta ba, saboda ta ce a gaban mutane wai ina shan magani a juye don ban iya karanta kwali ba. Ita ba ni na raine ta ba. Kai ka yi lissafin naka.

Kafinta.

29 ga Maris

Baffa,

Ina gaishe ka. Allah ya ƙara lafiya, ya tsayar da yoyon. Yaro yana lafiya, haƙori bai fito ba tukuna amma yana cizon komai.

Ka ce in tono, to zan tono, sau ɗaya.

Na cika alkawarin ƙofar mota, Baffa. Ɗana na fari sunanka ya ci. Na rubuto maka ranar da aka haife shi, har na sa maka abin hannunsa na asibiti a cikin ambulan. Ya zo kafin lokacinsa, ɗan mitsitsi, amma yana da kuka. Kwana arba'in da ɗaya muka yi muna kiran sunanka a cikin ɗakin nan, mahaifiyarsa ta koye shi har ta fi ni iya faɗa. Rana ta arba'in da biyu da hantsi ta ɗauke shi za ta yi masa wanka, ta tarar ya tafi. Ni da ita da wani maƙwabci mai tuƙa motar shara muka binne shi, cikin ruwan sama. Ban gaya wa kowa a gida ba sai kai, don kai ne takwaransa, kai ne ubana. Na rubuto maka. Wata uku ina leƙa akwatin wasiƙa kullum kafin in tafi aiki. Ko ta'aziyya.

A wurin mutanen matata, in yara ba sa zama a gida, sukan sa wa na gaba sunan da zai ɓoye shi, don mutuwa in ta zo ɗauka ta wuce. Akwai Enebish, wato "ba wannan ba". Akwai Nergui. Kakarta ta binne uku kafin ta sa wa na huɗu irin wannan, shi ne mahaifin matata, yana nan da furfura. Ni na san ajali ba ya duba takarda, na gaya mata. Ta ce ita ma ta sani. Amma da wannan sunan ne take iya ajiye yaron a gado ta shiga kicin ta juya masa baya na minti biyar. Sunanka kuwa, tun ranar nan ba a sake furta shi a gidan nan ba. Ba don ƙi ba. Ba ta iya jinsa ne.

Duk wannan ka san shi, kuma ka ce in goge. Na karanta wasiƙarka a ofis, na rufe taga, na bar mutane a layi. Ba zan iya zama wanda aka hana ganin kabarin Baffansa ba. Ƙa'idar ofishinmu ita ce ana iya canza sunan yaro sau ɗaya kafin ya cika wata shida, shi kuma zai cika ranar goma ga Mayu. Takardar tana durowata. Ban gaya mata ba, ban san yadda zan gaya mata ba.

Ina roƙonka ka janye. Layi ɗaya ya isa. Akwai lokaci, in ka amsa da wuri zai iso ni kafin ƙarshen Afrilu. In biyar ga Mayu ta yi ban ji daga gare ka ba, na san shirunka, na taɓa cin sa. Zan yi abin da ka ce.

Ɗanka.

7 ga Mayu

Ƙusa,

Gaisuwa. Kada ka taɓa takardar nan. Tela, fara da wannan, lafiya ta biyo baya. Ka bar wa yaro sunansa. Na ba direban motar safe wasiƙar nan ya kai babban gidan waya da kansa, don ta fi sauri.

Wasiƙarka ta iso tun sha biyu ga Afrilu. Tela ba ya nan, 'yarsa ta zo ta tafi da shi a yi masa aikin ido, aka ce mako ɗaya, ya zama huɗu. Gwaggonka ta ce in kai wa mai kemis ta karanta. Ni? In tsaya gaban matar nan da wasiƙa a hannu kamar mai bara, ta ji sirrin gidana, gobe duk layi ya ji? Ɗan gwaggonka kuwa bakinsa ya fi rediyo. Na ce ai na san abin da ke ciki, ko ka bi ko ka ƙi, duk zai jira. Na sa ta a akwatin kayan aiki tare da 'yan'uwanta.

Jiya Tela ya dawo da auduga a ido ɗaya. Ko ruwa bai sha ba na ɗora masa ita a tebur. Ya fara karantawa da ƙarfi yadda nake so, sai na ga bakinsa ya tsaya. Na ce idon ne? Ya cire tabarau ya ce, "Kafinta, wasiƙun nan huɗu da kake cewa suna wurinka, wa ya karanta maka su?" Na ce ba ruwanka. Ya ce, "Wallahi ba zan ƙara harafi ba sai ka ɗauko su." Shekara talatin muna maƙwabtaka bai taɓa ɗaga mini murya ba.

Ban buɗe su ba, Ƙusa. Ko ɗaya. Na ce suna wurina, ban ce an karanta mini ba. Ta farko da ta zo na ce ban haƙuri ne, bari ya jira. Ta biyu na ce ya ƙara jira. Daga nan abin ya zama kamar ƙusar da ta yi tsatsa a katako, cirewa ta fi bari wuya. Suna nan ƙarƙashin zarto, har mai ya ɓata kusurwar ɗaya.

Ya buɗe ta biyu, wani ɗan farin abu ya faɗo, zoben roba da ko babban yatsana ba zai shiga ba. Na ɗauka. A duk rubutun duniya sunana kaɗai nake ganewa, don shi nake ƙonawa a ƙarƙashin kujerun da na yi. Ga shi nan a jiki, da shuɗin biro. Ta uku layi huɗu ce kawai. Tela ya karanta, ya tashi ya fita waje ya bar ni da keken ɗinkinsa.

To amma kai ma. Ka san ban iya karatu ba. Ka san halina tun kana fitsarin kwance. Mutum ya mutu, mai sunana, sai ka sa shi a ambulan ka liƙe? Ba ka iya sa a zo a tsaya gabana a faɗa mini a kunne ba? Gwaggonka da ke kawo duk wani labarin banza, da ka gaya mata da ta kawo wannan. Na yi shekara ɗaya da rabi ina fushi da wanda yake makoki, ina kwana da ta'aziyyar jikana a ƙarƙashin zarto.

Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ku haƙuri. Na makara, amma ga ta nan.

Maganar mutanen matarka, ni ban yarda da ita ba. Mutuwa irina ce, ba ta shiga makaranta ba, ba ta karanta takardar kowa. Amma yarinyar ta wanke gawa mai sunana, ta biya abin da ban biya ba. Ka bar mata abinta. Abin da na faɗa kan kabari na janye.

Baffanka.

24 ga Mayu

Baffa,

Ina gaishe ka. Na gode da ta'aziyya. Ni lafiyata ƙalau, ina zuwa aiki.

Wasiƙarka ta iso jiya. Na jira har ranar takwas, na ƙara kwana uku a kan abin da na ce. Ranar tara da safe na ciro takardar na cika, na buga hatimi. Akwai wurin da uwa take sa hannu. Na san yadda take sa nata.

Na ce a raina takarda ce kawai, za ta zauna a durowa, a gida mu ci gaba da kiransa yadda muka saba, kai ka samu naka, ita ba ta rasa nata ba. Na manta sunan yana hawa sama da kansa zuwa ɗakin allura. Ranar sha shida ta kai shi rigakafin wata shida. Ɗakin cike da mata, tana zaune da shi a cinya. Nas ta leƙo da kati a hannu ta kira sunanka. Ba wanda ya motsa. Ta sake kira da ƙarfi, ta haɗa da sunana. Waɗanda suke wurin sun ce ba ta yi ihu ba. Ta rufe kan yaron da mayafi, ta miƙe, ta sauko ta matakala har tagata.

Akwai mutum biyar a layi. Ta tsaya a bayansu har aka zo kanta. Ta dube ni ta cikin gilashi ta ce, "Ai ka nuna wa mutuwa inda yake." Shi ke nan abin da ta faɗa.

Da na koma gida babu ita, babu yaro, babu bargonsa. Ta bar mabuɗi a wurin maƙwabcin nan mai motar shara. Wanta ya kira ni bayan kwana biyu, ya ce sun iso wurinsa, za su wuce wurin mahaifiyarta, tafiyar kwana uku a jirgin ƙasa. Ya ce kada in biyo yanzu. Na tambaye shi sai yaushe, ya ajiye waya.

Ba a canzawa sau biyu. Sunanka ya zauna, Baffa, ba zai kwanta da kai ba. Takardar tana nan a gabana, da hatimi mai kyau. In kana so in aiko maka da ita, ka faɗa.

Ƙusa.

9 ga Yuni

Ƙusa,

Gaisuwa. Gwiwa tana nan. Ban buɗe shago ba kwana biyu, mutum ya zo karɓar ƙofarsa na ce ya dawo.

Kada ka aiko mini da takardar nan. Me zan yi da ita, in jingina ta a bango ta kira ni Kaka?

Na faɗa wa Tela maganganu da yawa a kan gidan waya, da likitan da ya riƙe shi mako huɗu, da nas mai baki kamar lasifika, ya ajiye biro ya ce ba zai rubuta ba, wai in nemi mai laifi kusa da gida. Ido ɗaya gare shi yanzu amma rashin kunyarsa ya fi na da. Kai kuma da ka iya kwaikwayon hannun matarka, ba a shagona ka koyi wannan ba. Na ce ka goge suna, ban ce ka yi mata sata ba. To na faɗa, kai ka aikata, ita ta ɗauki yaro. Kowa ya riƙe nasa.

Yanzu ka ji. Wanta ya ce kada ka biyo. Ni ma na sha cewa kada a zo, ka ga inda ya kai mu. Ka nemi hutu, in sun hana ka ajiye musu hatiminsu, ka hau jirgin nan. Kada ka rubuta mata wasiƙa. Gidanmu an gama da wasiƙa. Ka je da ƙafarka ka tsaya a ƙofar uwarta, in sun bar ka a waje cikin sanyi ka tsaya, in sun sake maka karnuka ka tsaya. Ka gaya mata da baki cewa tsohon bai sani ba, kuma rashin sanin nasa shi ya jawo wa kansa. Ka ce surukinta yana gaishe ta, yana yi mata ta'aziyyar na farin. Ban ce ka ce na tuba ba. In ta tambaya dai, kada ka musa.

Takarda ba ta kiran yaro, baki ne yake kira. Ka kira shi da abin da uwarsa ta sa masa, a gabanta, da ƙarfi, har ya waiwayo. Wancan na durowa ku bar shi a durowa. In ya girma ya tambaya daga ina ya fito, ka ce babu shi a littafi.

Ba na sa ran ganinsa. In ta dawo maka, ka sa ɗan gwaggonka ya zo ya faɗa mini a kunne, ko duk layi zai ji. In ba ta dawo ba, kada ka zo mini nan da jaka, babu gado.

Abu na ƙarshe. In mutanenta sun tambaye ka wa ya aiko ka, ka ce wani tsohon kafinta ne. Kada ka ambaci sunana a gidan nan. Ko a bakin ƙofa, ko a hanya, matuƙar yaron yana kusa.

Baffanka.